Kurakuran da Matasan Makaɗan Jita Suka Fi Yi, da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya zauna da samarin da ke sha'awar kiɗan jitar lantarki irin na rok, a Agadez ne ko a Yamai ko a Kano, zai ji koke iri ɗaya: babu kayan aiki, babu situdiyo mai kyau, babu kamfanin da zai ɗauki nauyin faifai. Koken gaskiya ne kuma ba na raina shi. Sai dai yawancin waƙoƙin da na ji sun lalace, abin da ya lalata su yana hannun mai waƙar, kuma gyaransa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Zan yi ta kawo misali da Mahamadou Souleymane, makaɗin Abzinawa daga Jamhuriyar Nijar wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, domin ya taso ba tare da kamfani ba, ya yi amfani da kowace irin na'ura da ta zo hannunsa, kuma tafiyarsa ta ratsa ƙasar Hausa.

Kuskuren da ya fi cin shekarun matasa shi ne jiran kayan kirki kafin a fara. Yaro zai shekara biyu yana tara kuɗin jita mai suna, alhali yatsunsa ba su taɓa yin kanta a kan tsirkiya ba. Mdou Moctar ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗan jita ba saboda dalilin addini, don haka ya samu katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, da wannan ya fara koyo bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan jitar Abzinawa a Nijar. Bahaushe ma ba baƙon wannan ba ne, domin marigayi Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Gyaran shi ne a karɓi abin da ya samu, ko aro ne, a ware lokaci kullum ana kaɗawa, sannan kuɗin farko da ya shigo hannu a kashe shi a kan sababbin tsirkiyoyi da ɗan abin saita murya. Tsohuwar jita mai sabuwar tsirkiya da aka saita daidai ta fi sabuwar jita mai tsatsa daɗin ji.

Batun saiti kansa wuri ne da ake yawan tuntuɓe, musamman a ƙasashenmu. Hunturu na busar da katako, damina ta kumbura shi, wuyan jita kuma yana ɗan lanƙwashewa tsakanin yanayin biyu. Sai ka ga makaɗi ya saita tsirkiya a sake ta yi daidai, amma da ya matsa can ƙasan wuya sai murya ta karkace, shi kuma ya ɗora laifin a kan kunnensa ko a kan mai ɗaukar sauti. Gwajin mai sauƙi ne: a kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danne ta a gaɓa ta 12 a sake kaɗawa. Ya kamata muryar ta biyu ta zama ita ce ta farko a sama, ba ƙari ba ragi. Idan ta haura, a ja ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke zaune a kai baya, idan ta gaza a turo shi gaba. Aikin minti ashirin ne da sukundireba, kuma ya kamata a maimaita shi duk lokacin da yanayi ya juya.

Kuskuren da ya fi damuna, wanda kuma zan fi daɗewa a kansa, shi ne kwaikwayon Turawa baki ɗaya. Matashi zai buɗe YouTube ya haddace salon wani gwani na Amurka ko Ingila gaɓa bayan gaɓa, har ya iya maimaita shi babu kuskure, amma idan ka ce ya kaɗa maka abin da ake rawa da shi a garinsu sai ya tsaya yana kallonka. Wanda ke Landan ba shi da dalilin sauraron kwafin abin da yake da asalinsa a ƙofar gida, mutanen unguwarku kuma ba za su tashi su taka ba. Mdou Moctar ya kalli bidiyon Eddie Van Halen, gwanin jitar rok na Amurka, ya kuma ɗauki dabarar buga tsirkiya da yatsu a kan wuyan jita cikin sauri, amma ya zo ya ɗora ta a kan ginin da ya riga ya tsaya: waƙa da harshen Tamashek, bugun takamba da sauran kiɗan Abzinawa, tafi da amshi, da salon jitar da ƙungiyar Abzinawa ta Tinariwen da Abdallah Oumbadougou suka kafa. Shi ya sa idan ya saki hannu, mai jin rok a Detroit yakan ji abin da ya sani, mai biki a Agadez shi ma ya ji nasa.

Gyaran wannan yana buƙatar haƙuri. Makaɗi Bahaushe ya zauna gaban mai garaya ko mai gurmi ko mai goge, ya saurari yadda suke zagaya jimla ɗaya suna sake mata kama ba tare da sun bar ta ba, ya koma gida ya nemo wannan jimla a jitarsa da kunne, ba da takarda ba. Ya lura da yadda kalangu ke bin hawa da saukar harshe, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma idan aka tilasta kalma ta bi waƙar da ta saɓa wa karinta, mai sauraro yakan ji wani abu ya goce ko da bai san mene ne ba. Da yawa daga cikin waƙoƙin rok na Hausa da na ji suna da wannan ciwo: an fara gina kiɗa a kan tsarin Turawa, sannan aka cusa kalmomi a ciki da ƙarfi. Abin da ya fi shi ne a fara faɗin baitin da baki kamar ana magana, a ji inda murya ke hawa da inda take sauka, sannan jita ta bi bayansa. Bayan wannan gini ya tsaya, duk abin da aka aro daga waje zai samu wurin zama.

Sai maganar na'ura, inda ake faɗawa rami biyu masu fuskantar juna. Na farko shi ne ɓuya a bayanta. Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, an yi ta ne don gyara ɗan karkacewar murya, amma ta zama bargon da ake lulluɓe rashin atisaye da shi. Na taɓa zama a wani ƙaramin situdiyo ina kallon wani saurayi mai murya mai daɗi ƙwarai yana rera baiti. Ya rera sau ɗaya, ya goce a wuri biyu, ya nemi ya sake, sai mai kwamfuta ya ɗaga masa hannu ya ce, “Bar shi kawai, ɗan'uwa, inji zai gyara.” Injin ya gyara, amma ya tafi da ɗan rawar da ke ƙarshen muryar yaron, wadda ita ce ta sa na juyo tun farko. Da aka kunna mana, ba za ka bambanta shi da mawaƙa goma da suka shiga ɗakin kafin shi ba. Da an bar shi ya sake sau biyar ko shida, da ya fita da abin da yake nasa.

Rami na biyu shi ne ƙyamar na'urar gaba ɗaya, wai mai kiɗan gaske ba ya taɓa kwamfuta. Tarihin Mdou Moctar ya ƙaryata wannan. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da Auto-Tune da gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Ba a fitar da shi a kasuwa a sannan ba. Waƙoƙin sun bi wayoyin hannu ne, daga memori zuwa memori ta Bluetooth, har suka tsallaka zuwa Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu ya sa ta a tarin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara. Ba don wayar hannu da situdiyon Sakkwato ba, da wannan ƙofa ba ta buɗe ta wannan hanya ba. Abin lura shi ne bai tsaya a nan ba. Afelan na 2013 an ɗauke shi kai tsaye a garin Tchintabaraden na Nijar, a 2017 ya yi kundi mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa kayan cikinsa, sannan ya shiga situdiyo a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, kundin ya fito a 2019. Kowane kundi an zaɓi kayan da suka dace da abin da ake son faɗa. Tambayar da ya kamata makaɗi ya yi kafin ya kunna kowace manhaja ita ce ko waƙar ce ke neman wannan sauti, ko kuwa shi ne ke gudun sake rerawa.

Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar kowa shi kaɗai. Mai ganga ya zo yau ya bi ƙarar agogon kwamfuta, mai jitar bas ya zo jibi, mai waƙa ya zo mako mai zuwa, a manna su wuri ɗaya. Wannan hanya tana da amfaninta a wasu nau'o'in kiɗa, amma kiɗan jitar Sahara yana rayuwa ne a kan ɗumamar da ke ƙaruwa: a fara a hankali, mai ganga ya ƙara wuta, kowa ya bi shi, har a kai inda 'yan rawa ke ta da ƙura. Agogon kwamfuta ba ya barin wannan ya faru. Ƙungiyar Mdou, wato Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna da Ba'amurke Mikey Coltun a bas, sun ɗauki kundin Afrique Victime na 2021 a wurare daban-daban cikin tafiye-tafiyensu, har da ɗakunan otal. Darasin shi ne ƙungiyar da ta saba da juna ta fi ɗaki mai tsada. A tara kowa a ɗaki ɗaya, a rataya barguna ko a jingina katifu a bango don rage amsa-kuwwa, a kaɗa waƙar sau uku ko huɗu daga farko har ƙarshe, a zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai ɗan tuntuɓe a cikinta.

A wajen ɗaukar ma akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata aiki. Ana ƙure ƙarfin makirfo har alamar ta koma ja, a zaton ƙara ita ce inganci, alhali sautin da ya fashe a kwamfuta ba ya gyaruwa. A bar sarari, ƙololuwar ta tsaya wajen -12 zuwa -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na kwamfuta, daga baya a ɗaga. Sai gurnanin da jita irin Stratocaster ke jawowa daga wutar lantarki, wanda janareta da cajar waya da dogon ƙwan fitila ke ƙara masa ƙarfi. Makaɗi ya juya jikinsa a hankali har ya samu kusurwar da gurnanin ya ragu, ya nisanci waɗannan abubuwa, ya gwada matsayi na 2 ko na 4 na makunnin jitar, domin a yawancin na zamani waɗannan suna kashe shi. Abin da ba a yi ko kusa shi ne cire wayar ƙasa ta amfilifaya don a rage ƙara, saboda tsirkiya ƙarfe ce kuma tana iya ɗaukar wutar da za ta kashe mutum.

Kuskuren da ke zuwa bayan an gama waƙa shi ne sakin ta babu suna babu shaida. Kirkley ya sha wahalar nema kafin ya gano mai waƙar da ya ji a waya, kuma ba kowane mai ji ne zai yi wannan naci ba. Kafin fayil ya bar hannunka, a rubuta a cikinsa sunan mawaƙi, sunan waƙa, shekara da hanyar da za a same ka. A ajiye asalin a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a wuri biyu mabambanta, domin MP3 da aka yi ta juyawa yana raguwa duk lokacin da aka sake matse shi, kuma idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin "document". A rubuta a takarda wanda ya yi baiti, wanda ya yi kiɗa da kason kowa, kowa ya sa hannu tun ana dariya, sannan a yi rajista da hukumar haƙƙin mallaka, wato BNDA a Nijar ko hukumar da ke kula da wannan a Najeriya. Abokai da yawa sun rabu a kan waƙar da ba wanda ya zaci za ta kawo ko sisi.

Daga nan sai ruɗin cewa ɗora waƙa a intanet shi ne samun masu sauraro. Tun 2024, Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 ba cikin watanni 12, kuma ko an haye wannan, abin da ke shigowa ƙaramin makaɗi kaɗan ne. Mdou Moctar ya gina sunansa a gidajen biki, inda ake kaɗawa sa'o'i a fili da janareta, kuma a nan makaɗi ke gane baitin da ke ta da mutane da wanda ke sa su koma kan tabarma. Sabuwar waƙa a fara kai ta gaban jama'a sau da yawa kafin a kai ta situdiyo, a yanke abin da bai kama ba.

Gwaji ɗaya nake ba kowane matashi shawarar ya yi kafin ya biya kuɗin ɗauka. Lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar Mdou tana Amurka, hanyar komawa gida ta toshe na ɗan lokaci, sai suka shiga situdiyo suka sake kaɗa waƙoƙin kundinsu Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin sun tsaya da ƙafarsu babu ƙarar amfilifaya. Kai ma ka zare waya daga jitarka, ka zauna a zaure da mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin nauyin gaya maka gaskiya, ka rera waƙar daga farko har ƙarshe, ka riƙa kallon fuskokinsu. Inda ka ga ido ya koma kan waya, ka sa wa baitin alama, ka koma ka sake shi kafin ranar situdiyo.