Matakan Gwajin Sankarar Jini ta CML da Bibiyar Magani

Da farko, idan likita ya ga alamu irin su yawan gajiya, zufar dare ko kumburin saifa, a ba da jini domin a ƙirga ƙwayoyinsa. A cutar CML, wato wata sankarar jini da ke farawa daga ɓargo, fararen ƙwayoyin jini kan yi yawa fiye da ƙima, kuma sau da yawa a gwajin da aka yi don wani dalili daban ake fara gano ta.

Bayan haka sai a tabbatar. Ana ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugu bayan an kashe zafin wurin, a nemi kuromosom ɗin Filadelfiya (kuromosom zare ne da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki), wanda ke samuwa idan kuromosom na 9 da na 22 suka yi musayar ɓangare, har aka sami gurɓatacciyar ƙwayar halitta mai suna BCR-ABL1.

Da an fara shan magani irin su imatinib, a riƙa yin gwajin PCR na jini, wanda ke auna yawan BCR-ABL1, duk wata 3, kuma nan ne ya fi buƙatar kulawa. Abin da ake fata shi ne adadin BCR-ABL1 ya sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa a wata 3, kashi 1 a wata 6, sannan 0.1 a wata 12. Ya fi kyau a tsaya ga ɗakin gwaji guda, a kuma adana kowace takardar sakamako da kwanan watanta.

Idan adadin ya ƙaru, kada a bar magani. A faɗa wa likita gaskiya in an tsallake shansa, domin a maimaita gwajin, a kuma bincika ko ƙwayar halittar BCR-ABL1 ta sauya har ta bijire wa maganin.