Darasi na Tara: Ɗigon Haske a Hoton Waya

Wata rana bayan an tashi daga aji, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta tsaya da wayarta a hannu. Ta ce, "Malama, don Allah duba min. Wayar nan ko wata uku ba ta yi ba, amma duk hoton da na ɗauka a ƙofar shago sai wani koren ɗigo ya fito a jikin zane. Masu saye har tambayata suke ko tabo ne."

Na karɓa na duba, na ce, "Hajiya, yaushe kike ɗaukar hoton?" Ta ce da hantsi. Ina take kallo? Gabas. Na ce, "To, wayarki lafiyarta ƙalau. Rana ce take dukan idon kyamara."

Abin ya tsaya mini a rai, domin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba yana iya hana mutum ciniki, ko ya sa a kai lafiyayyar waya wurin mai gyara a kashe kuɗi a banza.

Daga ina ɗigon yake fitowa?

Ku juya wayarku ku dubi bayanta. Gilashin nan da kuke gani a kan kyamara murfi ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai wasu ƙananan idanu da aka jera ɗaya bisa ɗaya, a yawancin wayoyin yanzu guda 5 zuwa 7, akasarinsu na roba mai garau kamar gilashi. Can a ƙasa kuma akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske. Shi ne yake mayar da hasken ya zama hoto.

Kun taɓa leƙa gilashin mota kun ga na ciki, kuma kun ga fuskarku dishi-dishi a jikinsa? Haka gilashi yake. Yana barin yawancin haske ya wuce, amma yana mayar da kaɗan baya. Kowane ɗaya daga cikin idanun kyamara haka yake yi, har shi kansa farantin yana da ƙyalli. Idan hasken wuri madaidaici ne, ɗan abin da ya koma baya ba ya kai a gan shi. Amma idan rana ce, ko kwan lantarki, ko fitilar mota da dare, ɗan kaɗan ɗin ma yana da ƙarfi. Sai ya yi ta kai da komo tsakanin gilasan, daga ƙarshe ya sauka a inda ba wurinsa ba. Shi ne ɗigon. Wani lokaci kore ne, wani lokaci shuɗi ko ja-ja.

Masu ƙera waya suna shafa wa idanun wani siririn sinadari don ya rage wannan. Ragewa yake yi, ba ya kawar da shi. Shi ya sa har masu tsada irin su iPhone da Samsung suna yi.

Ga yadda za ku tabbatar da kanku. Da dare ku kunna kwan ɗaki, ku buɗe kyamara, ku sa kwan ya zama a sama ta hannun dama. Ku nemi ɗigon a ƙasa ta hannun hagu. Kusan kullum can yake, daura da fitilar. Ku motsa wayar a hankali, za ku ga yana tafiya. Idan kun kawo kwan tsakiya daidai, ɗigon zai shige cikinsa ya ɓace. Tabon zane ba ya yawo.

Maiƙo da ƙura

Akwai hoton da ba ɗigo a cikinsa, amma duk ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo, ko kuma kowace fitila ta ja dogon zare na haske. Wannan yawanci maiƙon yatsa ne. Waya tana yini a hannu. An ci ƙosai, an shafa mai, an yi gumi, yatsa ya taɓa idon kyamara. Maiƙon yana watsa haske kamar yadda tabarau mai datti yake yi.

Maganinsa gogewa, amma a yi hattara, musamman da hunturu. Ƙurar da ke sauka a kan waya akwai yashi a cikinta, kuma yashi yana karce gilashi. A fara hure ƙurar, sannan a goge a hankali da ƙyalle mai laushi mai tsabta, irin na goge tabarau. Kada a dirza da bakin riga ko gefen mayafin da ya sha ƙura. Maiƙo yana fita, amma karce ya zauna ke nan.

Fararen ƙwallaye da dare

Wannan shi ne ya fi tayar wa mutane da hankali. An ɗauki hoto a wurin biki ko a tsakar gida da dare, sai ga wasu fararen abubuwa zagaye-zagaye suna shawagi a kan mutane. Na sha ganin an tura irin wannan hoto a WhatsApp ana cewa aljanu ne, har mai gida ya kasa barci. Ina roƙonku, kafin ku tsorata ko ku tsorata wani, ku gwada abin da zan faɗa.

Fitilar da ke haskawa lokacin ɗaukar hoto, wadda ake kira filash, tana dab da idon kyamara. Idan akwai ƙura a iska, sai ta haska ƙwayoyin da ke kusa da wayar sosai. Kyamara kuwa mutanen da ke can nesa ta saita, don haka ƙwayar ƙurar ba ta fita sarai, sai ta bazu ta zama babban farin da'ira. Wurin da ake rawa, ko aka yi shara, ko mota ta wuce, nan suka fi yawa. Yayyafi da ƙananan ƙwari ma suna yin haka. Ku ɗauki hoto biyu a jere, za ku ga ƙwallayen sun sauya wuri. Ku kashe filash ku sake ɗauka, za ku neme su ku rasa. Dama filash ɗin waya ba ya kai nisa, bayan taku uku ko huɗu ba abin da yake haskawa sai ƙura.

Abin da za a yi kafin a danna

Idan rana ta dame ku a hanya, me kuke yi? Kuna sa tafin hannu a goshi. Haka za ku yi wa kyamara. Ku ɗaga hannu ɗaya a saman wayar, ta ɓangaren da hasken yake zuwa, har inuwa ta faɗa kan idonta, ku kula kada yatsa ya shigo hoton. Nan take za ku ga launi ya dawo. Idan hakan bai isa ba, ku matsa taku ɗaya gefe, ko ku juya yadda rana za ta kasance a bayanku ko a gefenku. Mai ɗaukar hoton kaya ya fi samun launi na gaskiya a inuwar rumfa ko bakin zaure. Hajiya da ta mayar da zannuwanta ƙarƙashin rumfa, magana ta ƙare.

Wasu suna manna wani ƙarin gilashi a kan kyamara don kariya. Shi ma yana mayar da haske, kuma mai araha ya fi yi. Rigar waya mai garau ita ma takan ja hasken filash ta kai shi idon kyamara. A cire a gwada. Fitilar nan kuma mai harba siririn haske kore ko ja a wurin biki, wato leza, kada a saita ta da kyamara, tana iya ƙona farantin har abada.

Sai yaushe za a je wurin mai gyara? Ku goge idon kyamara, ku ɗauki hoton farar takarda sau uku, kuna matsar da wayar kaɗan ba tare da juya ta ba. Idan baƙin tabo ya tsaya wuri ɗaya a duka ukun, ko kuna ganin raɓa ta cikin gilashin, matsalar a ciki take. Kada ku buɗe da kanku.

Aikin gida

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace sau uku: haske, ɗigo, ƙura, maiƙo, inuwa, gilashi.

Gobe da hantsi ku ajiye kwano ko buta a tsakar gida. Ku ɗauki hotonsa kuna fuskantar gabas. Ku sake ɗauka a wurin, hannunku yana yi wa kyamara inuwa. Sannan ku zagaya ku ba rana baya ku ɗauki na uku. Ku rubuta jimla ɗaya a kan kowane hoto. Wanda ba shi da waya mai kyamara ya haɗu da na kusa da shi a aji, ku zo da hotunan ranar darasi na gaba mu duba tare.