Yadda Za Ka Shirya Furta Zunubi Gaban Fada Bayan Shekaru Da Yawa

Kunya da tsoron an manta yadda ake yi, su ne ke hana 'yan Katolika da yawa komawa Sakramentin Tuba, wato furta zunubi gaban Fada (limamin cocin Katolika) don neman gafarar Allah. Tun taron Lateran na huɗu, babban taron shugabannin Ekklisiya da aka yi a Roma a 1215, dokar Ekklisiya ita ce a furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara, amma ko shekara ashirin ka yi ba ka je ba, ba za a kore ka ba.

Da farko ka nemi lokaci. Coci-coci da yawa suna sauraro ranar Asabar da yamma, sai dai layi kan yi tsawo, musamman lokacin Azumin da ake yi kafin Ista. Gara ka roƙi katikis, mai koyar da addini a coci, ya sama maka lokaci na daban. In kana jin nauyin Fadan cocinku, je wani cocin, babu laifi.

Sai binciken zuciya, kuma nan ne aikin yake. Ka zauna da Dokoki Goma, ka bi rayuwarka zango-zango: makaranta, wurin aiki, zaman aure. Zunubi yana zama babba ne in abin mai nauyi ne, ka san haka, kuma ka aikata da yardarka. Irin waɗannan za ka faɗi sunansu da yawansu. Ba lissafin daidai ake nema ba. "Kusan kowane mako, tsawon shekara uku" ya wadatar. Rubuta a takarda in kana tsoron ruɗewa, ka yaga ta daga baya. In ka ci kuɗin wani ko ka ɓata masa suna, fara tunanin yadda za ka gyara.

Da ka shiga, yi alamar gicciye ka ce: "Fada, ka sa mini albarka, na yi zunubi. Rabona da nan shekara kaza, ka taimake ni." Shawarata, fara da abin da ya fi yi maka nauyi, kada ka bar shi ƙarshe harshe ya ƙi. Laifinka za ka faɗa, ban da na matarka ko maƙwabcinka. Ɓoye babban zunubi da gangan yana ɓata furcin gaba ɗaya, amma wanda ka manta da gaske an gafarta shi, sai ka ambata a zuwa na gaba. Fada kuwa ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya ji, ko da za a kashe shi.

In ba a coci aka ɗaura aurenka ba, gaya masa, domin wannan yana buƙatar zama na musamman. Addu'ar tuba, wadda ake nuna nadama da ita kafin gafara, in ta ɓace maka, yi da kalmominka. Bayan Fada ya furta maka gafara, cika aikin tuban da ya ba ka, wato addu'a ko wani aikin da ya ce ka yi, tun kafin ka bar coci in zai yiwu.