Inda "ina" ke kayar da Bahaushe a Turanci: yadda ake amfani da -ing da bayanau

Akwai kuskuren da ɗaliban Katsina ke tafkawa a takardar Turanci ta WAEC da NECO wanda daga kalma ɗaya yake tasowa, wato "ina". A Hausa da ita muke faɗin abin da muke yi yanzu, da abin da muka saba yi, da abin da muka mallaka, har da abin da ke ranmu: ina rubutu, ina zuwa kasuwa kullum, ina da babur, ina son fura. Turanci ya rarraba waɗannan gida-gida, kuma na farkon ne kaɗai ke ɗaukar -ing.

Ginin lokaci mai ci kashi biyu ne, kuma ba a barin ɗaya. Ka fara da am, is ko are, sannan ka kawo aikatau mai -ing a ƙarshensa: I am writing, she is cooking, they are praying. Wanda ya rubuta "He going to Daura" ya yar da rabin ginin, dole is ta shiga. Wajen liƙa -ing ɗin ka kula da rubutu. Aikatau mai ƙarewa da e wadda ba a furtawa yakan zubar da ita, write ya koma writing. Gajeren aikatau mai wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe yakan ninka baƙin: sit, sitting, run, running. Begin ma haka yake, beginning, domin a gaɓar ƙarshe ake danna murya, amma open ba ya ninkawa. Lie da die kuwa lying da dying suke komawa.

Kafin ka sa -ing, tambayi kanka: da wani zai leƙo ta taga yanzu, zai ga ana wannan aikin? Mai Keke Napep da ke tafe a Ƙofar Ƙaura a wannan daƙiƙar, he is driving. In kuwa sana'arsa kake faɗa, ko yana barci a gida a lokacin, he drives. Wannan shi ne lokaci sabau, wanda muke cewa "yakan yi". Duk jimlar da "nakan" ko "yakan" za ta iya zama a cikinta ba tare da ma'ana ta sauya ba, kada ka sa mata -ing. "Ina zuwa kasuwa kowace Laraba" daidai yake da "nakan je", saboda haka I go to the market every Wednesday.

Akwai kuma aikatau da ba su karɓar -ing a ma'anarsu ta yau da kullum, domin hali suke nunawa: know, want, need, believe, understand, belong, da have in tana nufin mallaka. A nan ne Hausa ta fi jan ƙafar mutum. "Ina da 'ya'ya uku" shi ke haifar da "I am having three children", alhali I have three children ake cewa. "Ina jin Hausa" ya zama "I am hearing Hausa", kuskure biyu a jere, domin I understand Hausa ake nufi. Amma I am having lunch daidai ne, tunda have a nan ci take nufi, kuma ana iya ganin mutum da cokali a hannu.

"Ina" ba ta damu da jiya ko yau ba, Turanci kuwa ya damu. "Ina salla ya shigo" labarin abin da ya wuce ne, sai am ta koma was, are ta koma were: I was praying when he came in. Dogon aikin da ake ciki shi ke da -ing, wanda ya faɗo a tsakiya ya tsaya a shuɗaɗɗen lokaci. Haka nan in "tun" ta shigo, ginin ya sauya. "Tun ƙarfe 8 nake jira a tasha" ana cewa I have been waiting since 8 o'clock. Since tana tafiya da lokacin da aka fara, for tana tafiya da tsawonsa: since 2020, for two hours.

Bayanau, wato kalmar da ke faɗin yadda aka yi aiki ko yawan yinsa, wurin zamansa shi ne matsala. Wanda ke nuna yanayi yakan zo bayan aikatau da karɓau (wato abin da aikin ya faɗa wa), kamar yadda muke cewa "yana tuƙa mota a hankali": he is driving the car slowly. Kada ka raba aikatau da karɓau ɗinsa. She speaks English well ake cewa, "speaks well English" ba ta shiga. Su always, still, never, usually da often kuwa kafin aikatau suke zuwa, in akwai am, is ko are sai su shige tsakani: Hajiya is still cooking, he usually prays at the mosque.

Always tare da -ing tana da wani ɗanɗano da ya kamata a sani. He always comes late labari ne kawai. He is always coming late ƙorafi ne, irin na malamin da ya gaji, kamar mu ce "kullum sai ya makara".

Ba kowane bayanau ke ƙarewa da -ly ba. Fast haka take, babu "fastly" a Turanci. Good tana komawa well. Hard da late su ne masu haɗari, domin in ka ƙara masu -ly ma'ana ta juye. Lately "kwanan nan" take nufi, ba makara ba. Hardly kuwa "da ƙyar" ce. Shugaban da ke son yabon ma'aikacinsa a takardar shaida ya rubuta he is working hard. In hannunsa ya zame ya rubuta he is hardly working, ya shaida wa duniya cewa mutumin kusan ba ya taɓuka komai.