Cire tsohon hannun ƙofa da ba a ganin sukurunsa: inda ake yawan yin kuskure

Hannun ƙofa mai kan ƙwallo, irin wanda ake murɗawa, yana da wani hali mai ƙona rai idan ya tsufa. Ka duba shi ciki da waje, sama da ƙasa, ba ka ga sukuru ko ɗaya ba. A daidai nan ne yawancin mutane suke ɗauko guduma. Ni ma na taɓa yin haka a ƙofar ɗakin mahaifiyata, ranar da kubar ta ƙi buɗuwa yadda ya kamata. Na cusa sukundireba a bayan farantin da ke manne da ƙofar, na buga sau biyu, farantin ya lanƙwashe, fuskar katakon ta tsage tsawon tafin hannu. Washegari kafinta ya zo, ya haska wuyan hannun da tocilar wayarsa, ya ɗauki 'yar siririyar ƙusa ya danna a wani ɗan rami, hannun ya zamo a tafinsa. Ya ce da ni, "Malam, ai wannan ba da ƙarfi ake cire shi ba." Har yau tsagar tana nan, kuma duk lokacin da na shiga gaida Hajiya sai na gan ta.

Kafin ka taɓa komai, buɗe ƙofar ka tokare ta da wani abu mai nauyi. Mutane suna raina wannan, su cire hannayen biyu, iska ta turo ƙofar ta rufe, harshen kuba, wato ɗan ƙarfen da ke leƙowa daga gefen ƙofar, ya faɗa raminsa, ga mutum a cikin ɗaki ba abin murɗawa. Idan hakan ta same ka, leƙa cikin ramin da hannun ya bari. In akwai wani rami mai kusurwa huɗu, sa sukundireba mai faɗin baki ka murɗa. In babu, za ka ga ƙarfen da ke jan harshen, ka ja shi baya da filaya.

Babban kuskuren shi ne neman hanya ta gefen da babu ita. An ƙera waɗannan kubobi ne domin kada wanda yake waje ya iya kwance su, saboda haka maɓallin saki yana hannun cikin ɗaki. Ka durƙusa, ka haska siririn wuyan da ke tsakanin ƙwallon da farantin, ka zagaya shi gaba ɗaya, har da ƙasansa inda ido ba ya zuwa. Wani lokaci sai ka ɗan murɗa hannun kafin ramin ya bayyana, domin rigar wuyan ta waje tana rufe shi.

Abin da za ka gani ɗayan uku ne, kuma rikita su yana ɓata aiki. Akwai 'yar tsaga doguwa, a cikinta wani ɗan ƙarfe mai sifirin yana leƙowa. Wannan danna shi ake yi da ƙaramin sukundireba. Akwai ɗan rami zagayayye kamar na allura, wanda ake dannawa da ƙusa siririya ko waya mai tauri. Na uku shi ma rami ne, amma a ƙasansa ɗan sukuru ne da ya nutse, ko mai tsaga, na sukundireba, ko mai kusurwa shida, wanda ake kwancewa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida. Na ga mutum yana ta danna irin wannan na uku har ƙusa ta lanƙwashe, alhali murɗawa yake so. Haska cikin ramin ka ga abin da ke ciki tukuna.

Ko a na dannawar ma ana kuskure. Mutum ya danna, ya saki, sannan ya ja hannun, ya ce ya ƙi. Sifirin ne a bayan ƙarfen, da ka saki ya koma mazauninsa. Dole hannunka ɗaya yana dannawa, ɗayan yana jan ƙwallon zuwa wajenka a lokaci guda, kana ɗan girgiza shi. Kuma a wasu kubobi masu ƙarfi, irin na ofisoshi da makarantu, hannun da ke da makulli ba ya fita sai an sa makullin an murɗa shi kamar rubu'in zagaye, an riƙe shi a haka, sannan ƙarfen ya yarda ya dannu. In makullin ya ɓata, bar wannan gefen, ka kwance kubar ta ciki.

Na alanki kuwa, abin da ke kashe shi shi ne girman da bai dace ba. Kayan da aka yi a Amurka da inci ake auna su, na Turai da yawancin na Asiya da milimita. Alanki mai 3/32 na inci da mai milimita 2.5 a ido kamar ɗaya suke, amma na incin ya ɗan fi siranta. Ka sa shi a sukuru mai milimita 2.5, ka matsa da ƙarfi, sai ya cinye kusurwoyin, ramin ya koma zagayayye, daga nan sai na'urar huda ƙarfe. In alanki yana rawa a cikin ramin, ba nasa ba ne, canza. A tsofaffin hannaye sosai, bayan ka sassauta sukurun, ƙwallon da kansa a murɗe yake a kan sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ta ratsa ƙofar. Ka riƙe hannun ɗaya gefen gam, ka warware wannan zuwa hagu. Ja ba zai fitar da shi ba ko za ka wuni.

Sai maganar fenti da tsatsa, wadda a gidajenmu ita ce rabin matsalar. Duk sallah ko duk sabon ɗan haya sai an shafa wa ƙofa fenti, kuma mai fenti ba kasafai yake kewaye hannun ba. Bayan shafa uku ko huɗu, ramin sakin ya toshe, farantin ya manne da katako kamar da gam aka liƙa shi. Ɗauki reza ka yanka fentin a zagayen farantin, ka kankare wuyan har ka ga ƙarfe. In ba ka yanka ba, farantin zai taso da ɓawon fenti har da fuskar katakon. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ciki ta haɗu da tsohon mai ta daskare, damina ta zo ta ƙara tsatsa. Fesa WD-40, man fesawa mai sassauta tsatsa, a ramin da wuyan, in babu ka ɗiga kananzir, ka ba shi minti goma sha biyar ko fiye, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙwallon da ƙotar sukundireba domin man ya ratsa. Kada ka zuba man gyaɗa ko manja. Ranar farko zai yi santsi, bayan wasu makonni ya yi danƙo, kubar ta fi da taurin kai.

Ƙwallon ya fita, saura farantin, kuma a nan na yi tawa ɓarnar. Wani farantin a danne yake kawai, a gefensa akwai 'yar ƙaramar tsaga, yawanci ta ƙasa, inda bakin sukundireba yake shiga a ɗan ɗaga shi ya fita. Wani kuma a murɗe yake kamar murfin kwalba, warware shi ake yi zuwa hagu da hannu, ko da tsumma in yana santsi. Saboda haka fara gwada murɗawa kafin ɓamɓarewa. In za ka ɗaga, sa kwali ko ɗan faffaɗan ƙarfe tsakanin sukundireba da ƙofar, musamman ƙofofin filawud ɗin nan masu rami a ciki, da ɗan matsi suke lotsewa.

A ƙarƙashin farantin ne sukurorin da ka yi ta nema suke, yawanci dogaye biyu. Danna sukundireba da nauyin jikinka kafin ka murɗa, kuma ya zama bakinsa ya cika kan sukurun. In kan ya riga ya cinye, shimfiɗa guntun roba ta tsohon tif a kansa ka danna ta sama, sau da yawa yana kamawa. Tallafi hannun waje da ɗayan hannunka, domin da sukuru na biyu ya fita zai faɗo. Daga nan sai sukurori biyu na gefen ƙofar, waɗanda suke riƙe da harshen. In harshen ya maƙale saboda katako ya kumbura, zura sukundireba ta babban ramin da hannun ya bari, ta cikin jikin harshen, ka kama shi da hannu biyu ka ja zuwa gefen ƙofar.

Kubar da ake binnewa a cikin kaurin ƙofa, mai silinda (ƙarfen da makulli yake shiga), wadda ta cika gidajen Kano da Kaduna da Maraɗi, nata sirrin daban ne. Dogon sukuru ɗaya ne a gefen ƙofar, daidai saitinta, yake riƙe da silindar. Ko ka cire shi silindar ba za ta fito ba, domin wani ɗan haƙori a tsakiyarta yana karkace. Sa makulli ka ɗan murɗa kaɗan, hagu ko dama, kana turawa a hankali, har haƙorin ya daidaita da jikinta, sai ta zame. Wanda ya buga ta da guduma yakan karya ta a tsakiya, ya ɓata cikin kubar ma.

Kada ka zubar da tsohon kafin ka sayo sabo. Daga gefen ƙofa zuwa tsakiyar babban ramin, ko milimita 60 ne ko 70, babban ramin kuma yawanci faɗinsa milimita 54. In ka sayo wanda bai dace ba, sai an sake huda ƙofar. Wasu sababbin harsuna ana iya daidaita su zuwa kowanne daga cikin biyun, amma ba duka ba. Zuba tsohon harshen da sukurorin da sandar a leda, ka tafi da su shagon masu kayan gini, ka jera su da sabon a kan kanta kafin ka biya.