Yadda ake sauya kusar manifol da ta karye a injin akori-kura a gida

Idan ka tayar da mota da sanyin safiya ka ji injin yana tik-tik-tik daga gefe ɗaya, can bayan minti uku ko biyar ƙarar ta ɓace, kada ka yi saurin zargin bawul. Ɗauki tocila ka leƙa inda manifol ɗin hayaƙi, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin injin ya miƙa wa salansa, ya manne da tofsilinda, wato kan injin. In ka ga baƙin tabo irin na bakin murhu, ko ka tarar noti ɗaya ba ya wurinsa, to kusa ce ta karye, wato ɗaya daga cikin ƙarafa masu zare da ke ɗaure manifol da tofsilinda, hayaƙi yana tsiyaya ta gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakaninsu. Ƙarar tana ɓacewa ne saboda ƙarfen ya kumbura da zafi ya toshe kafar.

Yawancin manifol baƙin ƙarfe ne na zubi, tofsilinda kuwa a motocin yanzu alminiyam ce, kuma alminiyam tana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda wannan bambanci, kullum aka kunna injin aka kashe, sai a ja kusar a sake ta, har ta gaji. Kusoshin can ƙarshe, musamman na baya, kusa da inda direba da fasinja suke zama, su suka fi karyewa. Ford F-150 mai injin lita 5.4, da Chevrolet Silverado mai 5.3, da Ram mai injin Hemi 5.7 duk sun yi suna da wannan ciwo a Amurka, kuma irinsu suna shigo mana a tokumbo, wasu da tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan can lokacin ƙanƙara. Tsohuwar Hilux ma ba ta tsira ba. Kada a bar abin ya daɗe: na'urar auna iskar hayaƙi takan ruɗe motar ta riƙa shan mai, kuma hayaƙin da ke shiga inda mutane suke zaune guba ne.

Aikin yana farawa tun kwana biyu kafin ka taɓa sifana. Fesa wa kowane noti man sassauta tsatsa safe da yamma, injin yana sanyi. Ranar aiki ka cire kan batir na nagetif, ka ɗaga gaban motar ka tokare ta da ƙarfen dogari mai ƙwari, ba jak kaɗai ba. Cire taya da robar da ke cikin madigadi. Ta wannan kafa za ka ga kusoshin ido da ido, abin da ba ya samuwa ta sama. Sai ka zare wayar na'urar auna hayaƙi, ka cire kwanon da ke tare zafi, ka raba manifol da bututun salansa.

Wajen kwance notin da suka rage, sa soket mai kusurwa shida, ka juya kaɗan baya, kaɗan gaba, ka ƙara mai. In wani ya karye a hannunka kada ranka ya ɓaci, dama ya riga ya tsage. Da manifol ya fita, cusa tsumma a ramukan hayaƙi don kada garin ƙarfe ya faɗa ciki.

Yanzu dubi guntun da ya rage. In ya leƙo waje ko da rabin santimita ne, ka yi sa'a. Buga masa guduma sau biyu ko uku a tsakiyar kai don tsatsar ta girgiza, ka cafke shi da filaya mai kulle, ka riƙa kai da komo a hankali. Da yawa a nan suke fita.

In ya karye daidai da fuskar tofsilinda ko ya ɗan nutse, ni walda nake fifitawa a kan komai. Walda ta ƙarfe ba ta kama alminiyam, ga shi zafinta yana ratsa guntun ya fasa tsatsar da ta riƙe shi. Goge kan guntun har ya yi ƙyalli. Ɗora wosha mai rami daidai da kaurin kusar, a ɗiga walda a tsakiya ta haɗe su, sannan a ɗora noti a kan woshar a cika cikinsa da walda. Maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin tofsilinda kusa da wurin, domin wuta kada ta bi ta wayoyin mota ta ƙona kwamfuta, kuma a lulluɓe bututun mai da wayoyi da jiƙaƙƙen buhu. Jira jan ya dushe, ka sa sifana ka motsa shi kaɗan-kaɗan. Notin zai iya ɓallewa sau biyu, sau uku, har sau biyar. Ba asara ba ce, kowane zagaye yana ƙara sassauta kusar. In ba ka iya walda ba, kira mai walda ya zo gida da injinsa. Kuɗinsa bai kai na sauke tofsilinda ba. Wanda kuma tofsilindarsa baƙin ƙarfe ce, kamar tsofaffin injinan dizal, sai ya kula sosai, domin a nan walda tana iya kama bakin ramin.

Huda ita ce dabara ta ƙarshe, kuma a nan ake ɓata injin. Kusa ƙarfe ce mai tauri, kewaye da ita alminiyam mai laushi, saboda haka bakin diril kullum neman zamewa yake ya faɗa gefe. Daidaita kan guntun, ka ɗiga alama a tsakiya cif da fanci, wato ɗan ƙarfe mai tsini da ake bugawa da guduma. In alamar ta kauce, gyara ta kafin ka kunna diril. Wata dabara mai kyau ita ce ka mayar da manifol ɗin ka ɗaure shi da kusoshi biyu, ka sa ɗan bututu mai cika raminsa ya yi wa bakin diril jagora. Fara da baki na milimita 3, a hankali, kana ɗiga mai. In ka samu bakin diril mai juyin hagu, saye shi, domin sau da yawa yana cikin ci sai ya kamo guntun ya fito da shi.

Auna zurfin wani rami mai lafiya, ka naɗa salatif a bakin diril daidai wannan tsawo. A wasu injina hanyar ruwan sanyaya injin tana bayan ramin, in ka zarce ka ɓula ta, ƙaramin aiki ya zama babba.

Akwai ɗan ƙarfen nan mai murɗaɗɗen jiki da ake cusawa a rami a juya don fito da karyayyar kusa. Ina roƙonka ka yi hattara da shi. Kusar da tsatsa ta riƙe ba ta jin maganarsa, in kuma ya karye a ciki, ya fi bakin diril tauri, sai ka rasa abin da zai huda shi. Gara ka ci gaba da faɗaɗa ramin. Kusoshin waɗancan motocin Amurka M8 ne, wato kaurin milimita 8, mai tazarar zare milimita 1.25, don haka ka tsaya a milimita 6.8, ka tsince ragowar da tsinke, ka bi da taf, ƙarfen da ke yanka zare a cikin rami, don share zaren. In zaren ya riga ya cinye, a faɗaɗa ramin a sa masa Helicoil, wato murɗaɗɗiyar waya da ke maye gurbin zaren, zai riƙe tamkar sabo.

Kafin ka mayar da manifol, ɗora rula ta ƙarfe a fuskarsa ka haska tocila ta baya. In haske yana ratsowa ƙarƙashin rular, ya lanƙwashe, kuma shi zai sake karya sababbin kusoshinka cikin ɗan lokaci. Kai shi wurin masu gyaran fuskar tofsilinda su daidaita shi, in kuma ya tsage a sayi wani.

Sauya kusoshin duka, har waɗanda ba su karye ba, tunda wahala ɗaya suka sha. Kada ka sa bolti na kasuwa da ba ka san ƙarfinsa ba. Nemi na ainihi ko mai lamba 10.9 a jiki. Kankare tsohon gaskit ba tare da ka karce alminiyam ba, ka cire tsummokin, ka shafa ɗan man hana kamewa mai jure zafi a zaren, ka murɗa kowace kusa da yatsu. Wadda ta ƙi shiga da yatsu, fito da ita ka sake share ramin. Sa sabon gaskit, ka ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefuna, zagaye biyu, da sifana mai auna ƙarfi. Ƙarfin ɗaurin na Ford 5.4 Nm 25 ne a ma'aunin sifanar, kuma hannun da ya saba da notin taya zai wuce haka ba tare da ya sani ba. Sauran motoci ka bi abin da littafinsu ya ce.

Mayar da salansa, wayoyi, taya da kan batir. Tayar da injin a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, ka saurara tun yana sanyi. Ɗan hayaƙin da zai tashi daga jikin manifol man da ka fesa ne yake ƙonewa. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku, bar injin ya huce sarai, ka sake bin notin ɗaya bayan ɗaya da ma'auni, domin sabon gaskit yakan ɗan kwanta.