Yadda za ka koyi ɗaukar fim daga John Ford

Ƙanena, in kana ɗaukar fim da waya a nan Maradi, fara da John Ford. An haife shi a Amurka a 1894, ya rasu a 1973, ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, a matsayin darakta sau 4. Wajen wansa Francis ya koyi sana'ar, tun zamanin fim marar magana.

Nemi fim ɗinsa Stagecoach na 1939, ka kashe sauti. Lura da inda sama ta haɗu da ƙasa: sau da yawa can ƙasan hoto take, mahayan dawakai ƙanana, duwatsun Monument Valley, wani kwari a hamadar Amurka, sun rufe su. Wannan ni ya fi burge ni. Je bakin Gulbin Maradi da la'asar, ka durƙusa, ka jira mai amalanke ya shigo hoton da kansa. Kar ka bi shi da waya, Ford bai cika motsa kyamara ba.

Sannan tsaya cikin zaure ka ɗauki mai shigowa, duhu a ciki, hasken rana a waje.

Kuma kar ka tara hotuna barkatai. Shi Ford abin da yake bukata kawai yake ɗauka, don kar masu kamfani su sake yanka masa aiki.